Layukan jan ƙarfe masu siriri a gida: me ya kamata a saya?

Tambaya daga wani mai gyaran rediyo a Tawa: Ina buga zanen da'ira da firintar leza, in manna shi a faranti (allon da'irar lantarki mai shafin jan ƙarfe) da dutsen guga. Da layi ya kai 0.3 mm sai ya yanke. In sayi sabuwar firinta ne?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Sau da yawa matsalar daga gugar take: zafi ba ya kaiwa ko'ina daidai, in ka danna da ƙarfi tona (garin tawadar firinta) ta baje layuka su haɗe, in ka sassauta ta ƙi kamawa. Daga 0.4 mm zuwa sama guga ta wadatar. Ƙasa da haka, koma wa ledar nan mai jin haske, shuɗiya, da ake mannawa a kan jan ƙarfen. Fitilar UV da masu gyaran farce ke aiki da ita ta isa.

Goge faranti da soson ƙarfe mai laushi, wanke da asiton, kada yatsa ya sake taɓa shi. Lokacin hunturu rufe taga, domin ƙwayar ƙura ɗaya ƙarƙashin leda tana yanke layin 0.2 mm. Buga zanen a takardar kalke (takarda shara-shara ta kwafar zane), a juye: inda kake son jan ƙarfe ya tsaya, nan haske zai ratsa. Gefen da tona take shi zai kwanta kan ledar, ka danne da gilashi. In aka bar tazara, haske ya kutsa ta gefe, layuka su yi kauri su manne. Wajen haskawa da fitilar, kada ka ɗauki mintocin wani. Yanki ɗan guntu ka gwada, kana ƙara daƙiƙa 20 a kowane sashe. Ruwan wanke ledar da haske bai taɓa ba kuwa giram 10 na sodiyom kabonet a lita 1, mai ɗumi kamar digiri 30. Ragowar ledar a firji za ta zauna, zafin Afrilu na lalata ta.

Wata ɗaliba a Yamai: Zanena yana fita tsaf, amma bayan sinadari layukan sun rame. Sinadarin zan canza?

Ƴar'uwa, ferkulorur ɗinki, FeCl3, wato sinadarin da ke cinye jan ƙarfen da ba a rufe ba, ba shi da laifi, jinkiri ne. Yayin da yake cin jan ƙarfe zuwa ƙasa, yana kuma ci ta ƙarƙashin gefen layi, kuma duk daɗewar faranti a ciki ƙara ramewa ce. Ki ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45, ta hanyar sa kwanon roba cikin ruwan zafi, ki riƙa girgizawa, ki fidda farantin da zarar fili ya fita. In ya haura rabin awa, sinadarin ya gaji. Wajen saye, yawancin faranti kaurin jan ƙarfensu mikron 35 ne, wato 0.035 mm. In kin samu mai 18, shi ya fi dacewa da siririn layi. Ki zaɓi FR4, farantin zaren gilashi, a kan mai ruwan ƙasa na takarda, wanda layinsa ke saurin ɓarewa da zafin lika. Safar hannu dole, kwanon ƙarfe haramun, kuma kada a zuba tsohon ruwan a kwata.

Wani kuma ya ce bakin hujinsa na 0.8 mm karyewa yake yi. Na kabayid ne, mai tauri sosai amma saurin karyewa, ba ya jure karkata ko kaɗan: sai da injin huji mai tsayawa a ƙafa. In da hannu za ka huda, sayi na ƙarfe, ka san dai FR4 zai dakushe shi da wuri.