Muryar Yaya ga Auta kan D ɗin lissafi da kalkulas mai zuwa

Yaya ne ya turo wannan murya a guruf ɗin gida jiya bayan isha'i. Auta ce ta sa sakamakonta na zangon farko, ta samu 46 a MTH 101, ta ce tana tsoron kalkulas ɗin MTH 102 da ke jiranta, har tana tunanin haƙura da karatun famasi. Na rubuta ta ne saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Assalamu alaikum. Hajiya barka da dare, Kawu Allah ya ƙara girma, sauran mutanen gida ina gaisuwa. Auta, da ke nake. Tun la'asar na ga saƙonki, ina wurin aiki, layin masu karɓar magani har bakin ƙofa, shi ya sa sai yanzu. Muryar za ta yi tsawo, ki nemi wuri ki zauna.

Da farko dai, 46 ba faɗuwa ba ce. D ce, foyin 2 a ma'aunin 5. Ba ta yi kyau ba, ba zan ce miki ta yi ba, amma share hawayen mu yi lissafin tare. A ce yunit 18 kika ɗauka, kos ɗin nan kuma yunit 2 ne. Da B kika samu, 8 zai ba ki. D ta ba ki 4. Bambancin 4 ne, raba shi da 18, ya zama 0.22. Iyakar abin da ya fita daga GPA ɗinki ke nan, kuma zango ɗaya mai kyau yana mayar da shi. Abin da nake so ki yi gobe-goben nan, ki kira malamin da ke kula da ajinku ki tambaye shi ƙa'idar tsallakawa aji biyu a famasi, don kowace jami'a da tata. Kar ki dogara da "an ce, an ce" na hostel.

Na ji Kawu ya ce ta koma maikurobayoloji ko wani kos ɗin da babu lissafi. Kawu, a gafarce ni, a nan kam ban bi bayanka ba. Tsarin karatun da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar a ƙarshen 2022 ya sa 'yan ajin farko na kimiyya kusan duk wannan lissafin suke yi. In ta gudu can, yana can yana jiranta.

To Auta, kin san abin da D ɗin nan take faɗa min? MTH 101 aljabra ce da tirigonometiri, su indisis, su log, su kwadiratik, su sin da cos. Kalkulas kuwa a kansu yake tafiya. Dokokinsa da za ku yi a zangon nan, wallahi fuska ɗaya ta takarda ta ishe su. Ɗauki kowace tambayar jarrabawa ki duba amsarta: layin farko ne kalkulas, sauran layukan duk aljabra ce, a buɗe biraket, a haɗa firakshan, a kai wannan can a dawo da wancan nan. Yaran unguwa da ke zuwa wurina lokacin hutu, da wuya in ga wanda dokar difarenshiyeshan ta gagara. Yana ganewa sarai, ya rubuta layin farko daidai, a layi na uku ya yar da alamar ɗebewa, ko ya soke abin da ba ya sokuwa, amsa ta shiga daji. Sai ya fito yana cewa kalkulas mugu ne. Saboda haka kar ki nemo ƙaton littafin kalkulas ki ce daga shafin farko za ki fara a hutun nan. Baya za ki koma tukuna.

Bari ma in gwada ki, ɗauko biro. Rabi a tara da sulusi, 1/2 + 1/3, nawa ne? In zuciyarki ta fara raya miki 2/5, to mun gano wuri ɗaya, 5/6 ne. Sai (a + b)². Da yawa za su ce a² + b². Zuba 2 da 3 ki gani: 2 da 3 sun zama 5, 5 sau 5 kuma 25, amma 4 da 9 sun ba ki 13. Ina 12 ta tafi? Ita ce 2ab ɗin da aka manta. Haka log na a + b, ba ya rabuwa, ko kin matsa mashi. Wanda ke rabuwa shi ne log na a sau b, shi ke zama log a + log b. Ga kuma irin abin da za ki tarar a makon farko na kalkulas: (x² − 4) a kan (x − 2), x yana matsowa kusa da 2. In kika zuba 2 kai tsaye, sifili a kan sifili za ki gani, ki tsaya cak. Amma wadda ta san x² − 4 shi ne (x − 2)(x + 2), sai ta soke na sama da na ƙasa, saura x + 2, amsa 4. Sunansa limit, amma aikin na aji huɗu na sakandare ne. Kin gane inda na dosa?

Shi kansa kalkulas ɗin, tun da Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara shi a ƙarni na 17, tambaya biyu yake yi. Kin hau mota daga nan Katsina zuwa Daura ta Mashi, tafiyar kusan kilomita 80. A ce awa ɗaya kuka yi, sai a ce gudunku 80 a awa. Amma ai direba bai riƙe 80 tun daga tasha ba. Ya taka 110 a fili, ya sauko 20 a cikin gari, ya tsaya cak a shingen jami'an tsaro. Abin da allurar gabansa take nunawa a daidai wannan daƙiƙar, shi difarenshiyeshan ke nema. In kuma aka ba ki duk abin da allurar ta nuna daga tashi har sauka, aka ce faɗi nisan da aka ci, intigireshan ke nan. Ɗaya yana warware aikin ɗaya.

Yauwa, sai maganar da kika yi, wai mai ba da magani me zai yi da wannan. Auta, ni fa da shi nake cin abinci. Mutum ya haɗiyi ƙwaya, ta shiga jini, hanta da ƙoda suka fara fitar da ita. Yawancin magunguna, saurin fitarsu yana bin yawan abin da ya rage ne: in da yawa a jini, ya fita da sauri, in ya ragu, fitar ma ta ragu. In C ne yawan maganin a jini, t lokaci, k kuma lambar saurin fitarsa, wannan maganar da na faɗa da Hausa ita ake rubutawa dC/dt = −kC. In kika yi mata intigireshan sai ta ba ki C = C₀e^(−kt). Ki ɗauki ln na kowane ɓangare, kin ga log ɗin da kika tsana ya dawo, sai ki fitar da lokacin da magani ke ɗauka ya ragu da rabi, abin da muke ce wa haf-layif, 0.693 a kan k. Wannan 0.693 ɗin ba daga sama ya faɗo ba, ln 2 ne. Fara da 100: sai 50, sai 25, sai 12.5, sai 6.25, sai 3 da ɗoriya. Shi ya sa za ki ji muna cewa bayan haf-layif biyar kusan kashi 97 cikin 100 ya fita daga jiki. Farasitamol nasa awa 2 zuwa 3 ne, shi ya sa ake maimaita shi bayan awa 4 zuwa 6, ba a sha ɗaya a ce ya isa kwana.

Dubi maganin zazzaɓin cizon sauro da Hajiya ta sha da damina, mai shan sau shida a kwana uku. Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya. Atemita yana aiki da gaggawa ya fice, nasa haf-layif ɗin 'yan awoyi ne. Lumefantirin kuwa nasa kwanaki ne, 3 zuwa 6, shi ke tsayawa ya share ragowar ƙwayoyin cutar. Kuma da nake ta nacin a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, dalili shi ne lumefantirin ya fi shiga jini da maiƙo. Ta yaya aka sani? An auna jinin mutane lokaci bayan lokaci, aka zana giraf, aka lissafa faɗin filin da ke ƙarƙashin layin, wanda muke kira AUC. Filin da ke ƙarƙashin layi kuwa intigireshan ne tsagwaronsa. Hatta ranar lalacewa da ake bugawa a kwali, daga irin wancan lissafin na k take, sai dai a nan k saurin lalacewar maganin ne. A ƙa'ida ana duba lokacin da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin maganin zai tafi, 0.105 a kan k, kuma zafi yana ɗaga k ɗin. Kwali ya ce a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuma a Afrilu da Mayu muna haura 40, ga masu talla suna yawo da shi a faranti cikin rana. Wannan wani ɓacin ran ne na daban, bari in bar shi. Abin nufi, a aji uku da huɗu za ki sake haɗuwa da e da ln ɗin nan, kuma a lokacin babu malamin da zai tsaya koya miki su.

To ga yadda nake so hutun nan ya tafi. Ɗauko littattafan lissafinki na sakandare, suna nan cikin kwali a ɗakin Hajiya in ba a ba mai ƙosai ba. Kaso mafi girma na hutun na aljabra ne: firakshan, indisis, log, faktorayizin, kwadiratik, sai sin da cos na 0, 30, 45, 60 da 90 har ki iya faɗarsu ko daga barci aka tashe ki. Bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi, awa ɗaya da rabi kullum, tambaya goma zuwa sha biyar. Ya fi miki awa takwas ranar Lahadi kaɗai. Ki rufe amsar littafin da hannu, ki yi naki, sannan ki buɗe. Duk wadda kika faɗi, rubuta ta a wani ɗan littafi daban da ainihin layin da kika kauce, bayan kwana uku ki sake yin ta. Cikin mako guda za ki ga kuskure biyu ko uku ne suke ta dawowa da sabbin kaya.

Sai makon ƙarshe ki leƙa kalkulas ɗin, limit da dokar farko, x³ ya zama 3x², da dokar sarƙa, wadda ke sa e^(−kt) ya zama −k sau e^(−kt). Af, kafin in manta, kalkuletarki. A kalkulas da radiyan ake aiki, digiri 180 shi ne π. Cewa sin ya zama cos a difarenshiyeshan, a radiyan ne yake gaskiya. In ta zauna a digiri, aikinki daidai, amsarki ba daidai ba.

Bidiyon YouTube da Khan Academy suna da amfani, GeoGebra kuma za ta zana miki giraf ki gani da idonki. Amma kallo yana da yaudara, malamin yana yi kina gyaɗa kai, ki rufe waya ki kasa layin farko. Bidiyo ɗaya, tambaya biyar da hannunki. Manhajar da ɗan'uwanki ya turo, wadda ake ɗaukar hoton tambaya ta ba da amsa, ki bar ta sai kin gama naki, ki duba da ita. Ranar jarrabawa a bakin ƙofa za a karɓe wayar.

Kuma na ji kin ce mu dama ba mu da kan lissafi. Wa ya faɗa miki? Garin nan ya fitar da Muhammad al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Turawa masu tarihin lissafi har yau suna ambatonsa. Bar wannan maganar.

In kun koma, ki zauna gaba, kar ki bar tutoriyal ko ɗaya, ki nemi tambayoyin shekarun baya tun makon farko. Tes da asamen suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, wadda ta tara 25 a nan ta shiga jarrabawa da nutsuwa. Ki samu ƙawa ɗaya 'yar sashen lissafi ko fizis ku riƙa zama tare. Abin da ya shige miki duhu ranar Litinin kar ya kai Juma'a ba ki tambaya ba, don darasin mako mai zuwa a kansa za a ɗora.

Hajiya, don Allah a ɗaga mata aiken safe zuwa ƙarfe takwas. Auta, zan turo miki tambaya ashirin gobe in sha Allah, ki yi su ba kalkuleta, ki ɗauki hoton takardar gaba ɗaya har da inda kika soke, don wuraren sokewar nake son gani. Ranar Asabar zan biyo gida bayan la'asar mu zauna a kansu. A tashi lafiya.