Zan Iya Haɗa Majigi da Hannuna in Sayar wa Masu Gidan Kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne a Kano, shekarata shida a sana'ar. Na ga yadda wasu ke haɗa majigi a gida: su cire ƙaramin sikirin, su sa fitila mai ƙarfi a bayansa da gilashi a gabansa, hoto ya fito a bango. Ina da tarin matattun sikirin a shago, ga shi na kwashi adashi naira dubu 600. Tunanina in zuba kuɗin in riƙa haɗawa ina sayar wa masu gidan kallon ƙwallo da araha. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Abin da ka gani gaskiya ne, majigin yana haɗuwa kuma hoto yana fitowa. Amma idan ka zuba adashin nan gaba ɗaya a kansa don ka sayar, ina tsoron za ka ƙare da akwatuna a shago suna shan ƙura. Bari in nuna maka inda gizo ke saƙa, sannan in faɗa maka inda nake ganin kuɗin yake, domin akwai kuɗi a kusa da wannan tunani naka.

Mu fara da tarin sikirin ɗin da kake ƙirgawa a matsayin jari. Ka zauna ka tantance su yau. Duk wanda gilashinsa ya tsage, ko ya yi tawada, ko yake fitar da layi, ya fita daga lissafi, domin majigi aibin sikirin yake ɗauka ya faɗaɗa shi a bango. Wanda zai yi maka amfani shi ne wanda fitilar bayansa kaɗai ta mutu, kuma ka fi ni sanin cewa irin wannan kaɗan ne a cikin abin da ake kawo muku. Yawanci faɗuwa wayar ta yi. Sikirin irin na OLED, wanda ke kan manyan wayoyi, ba ya shiga wannan aiki sam, shi da kansa yake ba da haske, ba a haska shi ta baya. Na laftof kuma ya yi girma: mai inci 15 yana buƙatar gilashin da ya fi shi faɗi da akwati kamar na kayan lefe. Shi ya sa masu haɗawa suka fi son mai inci 5 zuwa 7, kuma wannan sayo shi za ka yi tare da allonsa mai karɓar HDMI, wato wayar da ke kawo hoto daga dikoda ko kwamfuta. Ka ga tun ba a je ko'ina ba, kayan da kake ganin kyauta ne sun koma na saye.

Babbar matsalar ita ce haske, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, don duk cinikin a kanta ya rataya. Sikirin LCD, wato irin wanda ake haskawa ta baya, rowar haske gare shi. Akwai wata siririyar leda manne da shi wadda ke tace hasken kafin ya shiga, ita kaɗai tana cinye fiye da rabi. Sannan kowane ɗigo na hoto an raba shi gida uku, ja da kore da shuɗi, kowane gida launinsa kaɗai yake bari ya wuce. Idan aka haɗa wannan da wancan, abin da ke tsallakewa bai kai kashi 10 cikin 100 na hasken da ka zuba ba. Fitilar LED mai wat 100 tana ba da lumen wajen dubu 8 zuwa dubu 10, lumen ɗin shi ne mudun da ake auna haske da shi. Kafin hasken ya bi ta gilashin farko, ya ratsa sikirin, ya bi ta gilashi na biyu, ya fita ta idon majigi, abin da zai isa bango ɗaruruwa kaɗan ne. Majigin kamfani irin na ofis da makaranta, kamar na Epson, yana zuba wajen lumen 3,000 a bango, saboda shi ƙananan sikirin uku ne a cikinsa, kowane launi da nasa, ba a tace hasken ta hanyar da ke zubar da shi haka.

Ga kuma wani lissafi da masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Idan ka ninka faɗin hoto sau biyu, haskensa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, domin filin da zai rufe ya ninku sau huɗu. Hoton da ya yi kyau a inci 50 cikin ɗaki mai duhu, da ka ja shi zuwa inci 100 sai ya dushe kamar tsohon zane. Mai gidan kallo kuwa girman yake nema, shi ne dalilin da zai sa ya kalli majigi tun farko.

To yanzu ka shiga gidan kallo da idon ɗan kasuwa. Rumfar kwano ce ko ta buhu da zana, haske na shigowa ta ƙofa da kowace kafa. Wasannin Firimiya na ranar Asabar da ake take su ƙarfe 3 na rana a Ingila, a nan ƙarfe 3 ne ko 4, gwargwadon lokacin shekara, akwai ma na tsakar rana kafin su. Rana tsaka ke nan a Kano. Gasar zakarun Turai ce ke zuwa da dare, ƙarfe 8 ko 9. Wato majiginka zai yi aiki Talata da Laraba, ya kwanta a ranakun da mai gida ya fi tara kuɗin ƙofa. Wa zai sayi abin da zai bar shi da neman talabijin ranar Asabar?

Na taɓa zama a gaban irin wannan majigi, wani yaro mai basira ya haɗa shi da falankin katako a zauren gidansu. Da aka rufe ƙofa aka toshe taga da bargo, wallahi abin ya burge ni, fuskar mai labarai ta cika bango. Bayan kamar rabin sa'a sai wani tabo ruwan ƙasa ya bayyana a tsakiyar hoton, ya riƙa faɗi a hankali kamar mai ya zuba a takarda. Yaron ya tashi da sauri ya kashe, ya buɗe murfi yana fifita da kwali. Zafi ne. Duk hasken nan da sikirin ya hana wucewa zafi yake zama a jikinsa, kuma LCD ba ya jure zafi: ya fara baƙi, in an matsa ledar ta ƙone ba ta dawowa. Wannan a zaure ne da mutum huɗu. Ka ƙiyasta rumfar kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mutum sittin suna numfashi, wasa biyu a jere. Idan ka ƙara fanka, ta jawo maka ƙura ta shimfiɗa a kan gilashi, kowace ƙwayar ƙura ta fito a bango. Ranar da hoto ya ɗauke ana minti na 80, 'yan kallo kuɗinsu za su nema, mai gida kuma shagonka zai nufo, kuma ba shi kaɗai zai zo ba, da labarin zai zo. Sunan da ka gina shekara shida a gyaran waya shi zai biya wannan bashin.

Sai batun farashi, wanda shi ne ya kashe wannan sana'a a inda aka fara ta. A farkon shekarun 2000 majigin kamfani dubban daloli ne, ƙwan fitilarsa kaɗai ɗaruruwan daloli. Shi ya sa masu sha'awa a Amurka da Turai suka riƙa haɗa nasu, har wani kamfani mai suna Lumenlab ya yi suna wajen sayar musu da gilasai da tsarin haɗawa. A lokacin akwai riba a wahalar. Daga baya masana'antun Sin suka ɗauki wannan tsari ɗin dai, sikirin guda, fitilar LED, gilashin Fresnel biyu (gilasan nan masu tattara haske da ake sa wa a bayan sikirin da gabansa), madubi da fanka, suka zuba shi a kwandon roba suna fitarwa dubbai. Ƙananan majigin nan da ake sayarwa ƙasa da dala 100, in ka kwance ɗaya, abin da kake shirin haɗawa ne za ka tarar a ciki. Su suna sayen sikirin da kwantena, kai za ka sayi biyar. Su injin ke zuba musu kwando, kai kafinta za ka biya. Gilasan ba a yin su a nan, odarsu za ka yi da dala, ka biya kuɗin jirgi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ka san yadda lissafin duk mai shigo da kaya ya koma. Ka ɗora kwanakin da za ka tashi daga teburin gyara kana daidaita gilashi, domin ranar da ba ka gyara waya ba ita ma kuɗi ce ta fita. Da wuya naka ya zo ƙasa da nasu, kuma ko ya zo daidai, mai saye zai ɗauki mai kwali da rimot.

Af, kada lambar da ke jikin kwalin ta ruɗe ka ko ta ruɗi abokin cinikinka. Za ka ga an rubuta lumen dubu bakwai ko dubu tara a kan abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Sau da yawa hasken fitilar ciki ake nufi, ba wanda ya isa bango ba. Ma'aunin da ake riƙewa shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa, kuma a wannan ma'auni yawancin masu arahar ba su wuce ɗari ɗaya zuwa uku ba. Araha dai ba ta ado.

Ita kanta kalmar majigi tsohuwa ce a bakinmu, daga sunan da Turawa ke kiran fitilar nuna hoto aka aro ta, tun zamanin da motar gwamnati ke zuwa ƙofar fada a kafa farin ƙyalle. Ka tambayi duk dattijon da ya kalla, zai ce maka sai bayan magariba ake farawa. Ko su duhu suke jira.

To ina kuɗin yake? A gyara. Waɗannan ƙananan majigi suna ta shigowa, ana sayensu don ɗaki, don makarantun kuɗi, don masu koyarwa, kuma ciwonsu ɗaya ne da wanda na gani a zauren nan: tabon ƙuna a leda, fanka ta tsaya, ƙura ta cika gilashi, allon wutar fitila ya ƙone saboda janareta. Mai shi yakan jefa shi a lungu don bai san wanda zai kai wa ba. Kai kuwa kana da abin da ake buƙata, hannun da ya saba da fileks, siririyar wayar nan ta cikin na'ura, da ƙarfen narka dalma. Masu gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano sun yi yawa har ana rige-rigen kwastoma. Ka leƙa da kanka ka ƙirga nawa ne a cikinsu suka rubuta gyaran majigi a allonsu.

Saboda haka ga yadda zan raba kuɗin da a ce nawa ne. Kada abin da zai tafi gwaji ya wuce kashi ɗaya cikin goma, wato dubu 60, kuma ka ɗauke shi kuɗin makaranta, ba jari ba, in ya dawo alhamdulillahi. Da shi ka nemi matattun majigi biyu ko uku a wajen masu kayan hannu, ka kwance su. A ciki za ka samu gilashin Fresnel da idon majigi da madubi, an riga an auna tazararsu, a farashin da bai kai na odar gilashi ɗaya ba. Ka tayar da ɗaya da kayan ɗaya. In har yanzu zuciyarka na son haɗa naka na katako, ka haɗa guda ɗaya da waɗannan kayan, zai koya maka abin da bidiyo ba zai koya maka ba, kuma in ka kunna shi a ƙofar shago da dare talla ce kyauta. Ka dai yi amfani da LED mai ƙarfen sanyaya a bayansa. Tsofaffin ƙwayayen fitila masu wat 250 ko 400 da aka yi amfani da su a da suna da zafin da zai iya tayar da gobara a akwatin katako, ga haskensu na cutar da ido.

Sauran kuɗin ka bar mafi yawansu a sana'ar da ka sani, kayan gyara masu fita kullum. Idan bayan wata uku ka ga aikin majigi na shigowa, sai ka duba sayen na kamfani guda ɗaya na hannu, mai haske sosai, don haya: taron biki, tafsirin azumi inda masallaci ya cika aka zauna a waje, bitar ƙungiyoyi. Kafin ka biya, ka shiga cikin saitinsa ka duba sa'o'in da fitilar ta ci, ka kuma tambayi kuɗin sabuwarta a kasuwa, don wani majigin ana sayar da shi da araha ne saboda fitilarsa ta kusa ƙarewa. Hayar ma tana da nata ciwon kai, sai ka bi kayanka da kanka ko ka tura yaron da ka yarda da shi, ba a ba da majigi a ce a dawo da shi gobe.

In kuma kana ganin na cika tsoro, akwai gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba bayan ka haɗa na farkon. Ka ɗauke shi ka kai gidan kallo uku, kowanne da Asabar ɗinsa, da ƙarfe huɗu, ka kunna shi kusa da talabijin ɗinsu, ka bar shi ya yi wasa guda cur ba tare da ka buɗe murfi ba. Bayan an tashi kada ka tambayi mai gida ko ya yi kyau, kowa zai ce maka ya yi kyau don kunya. Ka faɗi farashinka ka nemi kafin alƙalami. Idan biyu daga cikin ukun suka zaro kuɗi suka ba ka, ka sake rubuto mini mu zauna mu yi lissafin guda goma.