Shin Yawan Zargi Alamar Wayo Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni matashi ne da ke koyon cinikin albasa a wurin kawuna. Bara na ba wani abokin ciniki buhu 12 bashi, bisa alkawarin zai biya idan ya dawo daga kasuwar Illela, amma har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba. Tun daga ranar kawu yake nanata mini cewa yarda da mutane wauta ce, mai wayo yana ɗaukar kowa macuci ne, kuma da haka ake yin arziki. Shin gaskiya ne masu zargi sun fi basira da samun nasara? Daga wani mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Kawunka ƙauna ce ta sa shi faɗin haka, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, amma ban yarda da hukuncin da ya yanke ba.

Masu bincike biyu, Olga Stavrova da Daniel Ehlebracht, sun wallafa wani nazari a 2019 bayan sun duba bayanan mutane kusan 200,000 daga ƙasashe 30. Sun tarar cewa jama'a da dama suna ɗaukar mai mummunan zato a matsayin mai kaifin ƙwaƙwalwa, kamar dai yadda kawunka yake gani, alhali a gwajin karatu da lissafi da fahimta masu yawan zargin ne suka fi zama a baya. A wani nazarin nasu na 2016, wanda ya bi mutane na tsawon shekaru a Amurka da Jamus, sun ga cewa masu irin wannan hali sun fi samun ƙarancin kuɗin shiga. Abin da ya fi jan hankalina a nazarin 2019 shi ne, a ƙasashen da cin hanci ya yi katutu, masu basira sukan ƙara taka tsantsan gwargwadon halin da ake ciki, su kuwa masu ƙarancin basira zarginsu ɗaya ne ko'ina suka samu kansu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma sana'arka ma ta isa shaida. Falke yakan loda mota a Sakkwato, ya tura ta kasuwar Mile 12 a Legas ba tare da ya bi ta ba, dillali ya sauke, ya sayar, ya cire la'adarsa, ya turo sauran kuɗin. Albasa kuwa ba ta jira. Wanda ya ce sai ya ga kuɗi a tafin hannunsa kafin ya saki buhu, yana nan zaune zai ji warin ruɓa yana tasowa daga rumfarsa. Bugu da ƙari, wanda ya ba mutum goma amana, biyu suka ci, ya koyi yadda ake gane biyun nan, ya kuma samu takwas da zai yi shekaru yana ciniki da su. Wanda ya hana kowa bai koyi komai ba, kuma asararsa ba ta bayyana a littafi balle ya gan ta.

Wannan ba ya nufin a saki jiki. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara, har ta rufe asusunsu a Disambar 2016, kwaɗayin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ne ya rufe musu ido, ba kyakkyawan zato ba. Suratul Hujurat, wadda ta hana yawan zato a aya ta 12, ita ce ta yi umarni da bincike a aya ta 6, sannan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

A ganina kuskurenka shi ne ka fara da buhu 12 ga mutumin da ba ka san gidansa ba. Idan wani ya sake zuwa, ka tambayi dillalan da suka san shi, ka ba shi buhu biyu a gaban kawu, ku rubuta ranar biya, in ya cika alkawari ka ƙara masa zuwa huɗu.