Jigogin Adabin Amurka: Daga Ina Ɗaliba Za Ta Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen Turanci, muna kwas na adabin Amurka. Littattafan sun yi mini yawa, kuma kowace tambaya a kan jigo take. Waɗanne ne manyan jigogin, kuma yaya zan fito da su a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara riƙe shekarar 1776. A cikinta takardar shelar 'yancin kan Amurka ta ce an halicci mutane duka daidai, alhali wanda ya tsara ta, Thomas Jefferson, yana da bayi a gonarsa. Yawancin littattafan da aka ba ki auna tazarar da ke tsakanin wannan alkawari da abin da ya auku suke yi.

Jigon bauta da launin fata shi ya fi nauyi, ki ba shi lokaci. A tarihin rayuwarsa na 1845, Frederick Douglass ya nuna yadda matar ubangidansa ta fara koya masa karatu, mijin ya hana don kada ilimi ya ɓata bawa. Nan Douglass ya gane cewa jahilci ne igiyar da aka ɗaure shi da ita. Sai babi na 31 na Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain: Huck ya rubuta wasiƙar da za ta tona inda Jim, bawan da ya gudu, yake, sannan ya yage ta yana mai imanin cewa wuta zai shiga saboda haka. Ki duba da kyau: al'umma ta gurɓata tunanin yaro har yana ganin alheri zunubi ne. Wannan shi ne jigon. Toni Morrison kuwa ta gina Beloved, na 1987, a kan labarin gaske na Margaret Garner, wadda ta kashe 'yarta a 1856 don kada a mayar da ita bauta.

Na biyu shi ne abin da ake kira mafarkin Amurka, wato duk mai himma zai yi arziki. A The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, na 1925, James Gatz ɗan talakawa ya canza suna zuwa Jay Gatsby, ya tara dukiya, amma masu tsohon kuɗi ba su taɓa karɓarsa ba. A wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1949, Death of a Salesman, Willy Loman ya kashe kansa don iyalinsa su karɓi dala 20,000 ta inshora. A kula: James Truslow Adams ne ya yaɗa lafazin "mafarkin Amurka" a 1931, bayan fitowar Gatsby, don haka kada ki jingina wa Fitzgerald kalmar.

Akwai kuma zunubi da hukuncin jama'a a The Scarlet Letter na 1850, inda wata mata mai suna Hester ta sha kunya a fili saboda zina, limamin cocin da suka yi laifin tare ya ɓoye nasa har ya cinye shi. Moby-Dick na 1851 kuwa taurin kan shugaba ne da ya halaka jirgi da mutanensa.

Inda ɗalibai ke zubar da maki wuri uku ne. Sukan rubuta kalma guda, kamar "bauta", su ce jigo ne, alhali jigo jimla ce da ke faɗin matsayin littafin a kan bautar. Sukan maimaita labari maimakon warwarar jigo. Na ukun ya fi muni: ɗaukar mai ba da labari a matsayin marubuci. Huck ba Twain ba ne, Nick Carraway, mai ba da labari a Gatsby, ma ba Fitzgerald ba ne.

Ga kowane littafi ki ware shafi ɗaya: jigo a jimla ɗaya, fage uku da lambar babinsu, da alama ɗaya, kamar koriyar fitilar bakin gidan Daisy, masoyiyar Gatsby, ko harafin A a ƙirjin Hester. Sannan ki jera littattafan biyu-biyu, Douglass da Twain, Fitzgerald da Miller, domin ba a cika rasa tambayar kwatance a irin wannan kwas ba.