Amsa: akwai dabbobi a kwazazzabon Santa Elena kuwa?

Salam ɗan'uwa, ka tambaya wai ko akwai abin da ke rayuwa a kwazazzabon Santa Elena tunda wajen hamada ne. Akwai sosai wallahi. Wajen yana cikin gandun Big Bend a jihar Texas, kogin Rio Grande ne ya yi ta cin dutsen farar ƙasa har ya tsaga shi gida biyu, bangon ya kai wajen mita 450 tsayi, gefe ɗaya Amurka ɗayan Meziko, wato dai tsakiyar ruwan shi ne boda.

Ruwan nan shi ya riƙe komai. Tsuntsaye kawai an ga sama da kala 450 a gandun, ga shaho yana sheƙa can saman bango, ga javelina mai kama da aladen daji, ga zakin dutse amma shi ganinsa sai an dace. Baƙin beyar ma da ya ɓace a yankin da kansa ya tsallako daga Meziko ya dawo a ƙarshen shekarun 1980.

Abin da ke damuna shi ne kogin, madatsai da noman rani sun shanye shi tun daga sama, yawancin ruwan da ke isowa yanzu daga kogin Conchos na Meziko yake, a 2022 ma har ƙafewa ya yi a wasu wuraren.