Tambayoyin Damina: Walƙiya, Tsawa da Jabun Jan Ƙarfe

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko ya biya kuɗin manhajar waya mai "auna walƙiya". Riƙe kuɗinka. Wayarka ba ta auna komai, rahoton tashoshin da ke kama siginar rediyon walƙiya kawai take kawo maka. Da ka ga walƙiya fara ƙirga daƙiƙu har ka ji rugugin tsawa: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce. In ba ka kai 30 ba, shige ɗaki.

Wani daga Gusau ya ce mai shago ya rantse masa cewa ekstenshin ɗinsa na tare aradu. Haba Malam! Aradu guda kan zo da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) kusan 30,000, fis ɗin soket kuwa 13 ne. Hadari na haɗowa ka zare talabijin da dikoda, har da wayar dish.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, mai makarantar Islamiyya a bene, da ta ce ba ta iya barci in ana tsawa saboda tunanin yara, tana so ta sa ƙarfen kariya daga aradu a rufin. Hajiya, kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika nemi sa ƙarfen kariya. Tsorona ɗaya ne, jabu. Babban aikin yana kan wayar jan ƙarfen da ke sauko da wutar daga rufi zuwa rodin da aka binne a ƙasa, kuma nan ake cutar mutane. A shafa wa baƙin ƙarfe ko alminiyam jan launi, a karɓi kuɗin na gaske, mai gida yana ta godiya. Ki sa a tafi kasuwa da maganaɗisu: in ya kama wayar, ba jan ƙarfe zalla ba ce. A kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a bar musu kayansu. Araha ba ta ado, balle a kan rayukan yara.

Kada kuma ki cika wa mai aiki kuɗinsa sai ya zo da na'urar gwajin ƙasa ya auna a gabanki. Abin da ake so kada ya wuce om 10 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke samu wajen shiga ƙasa). Wanda ya kafa tsini a rufi ya tura guntun rodi cikin busasshen yashi, ado ya yi miki. A sake aunawa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, kuma a riƙa duba wayar, don ɓarayin jan ƙarfe na yanke ta.