Kifin gwangwani, sinadari, da mai jar koma

Tambaya: Wata malama daga Zariya ta ce likita ya shawarce ta da ta riƙa cin sadin saboda yana da furotin. Tana son sanin sunan sadin da Hausa, da kuma yadda ake cewa furotin.

Amsa: Sadin ba kifinmu ba ne, malama. Na teku ne, mu kuwa na gulbi da tabki muka sani: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa. Da ya iso kasuwa a rufe sai Bahaushe ya kira shi da sunan mazubinsa, kifin gwangwani, kuma ban ga abin gyara a sunan ba. Sai dai ki lura, ba duk kifin gwangwani ne sadin ba. Geisha mai romon tumatir wani kifi ne daban, makarel. Titus ɗin gwangwani shi ne sadin, daga Maroko yake zuwa, ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya, daga garuruwan bakin teku irin su Agadir da Safi. Amma ki je wurin mai kifin ƙanƙara ki ce Titus, makarel zai miƙo miki. Sunan kamfani ya zama sunan kaya, kamar yadda duk ɗanɗanon miya ya koma magi, duk garin wanki ya koma omo.

Furotin kuwa, shi ne abin da iyayenmu ke nufi idan suka ce abinci yana gina jiki. A giram 100 na sadin mai mai akwai kusan giram 25 nasa, bai yi nisa da na nama ba. Ki ce furotin, ko ki ce mai gina jiki, duk an fahimce ki. Abin da ba na so ki ɗauko shi ne ɗabi'ar 'yan rediyo ta manna wa kowane abu "sinadari". Sinadarin furotin, sinadarin kalsiyam, sinadarin gishiri, har na taɓa jin wani ya ce sinadarin ruwa! To ruwan kansa fa, me ya rage masa? A asali sinadari kayan maƙera ne, abin da ake narkarwa a liƙe ƙarfe da ƙarfe. Daga nan aka aro shi ga duk abin da in babu shi haɗi ba ya kamawa, shi ya sa ake cewa gaskiya ce sinadarin zaman tare. Yau an mayar da shi sandar dogarawar mai fassarar da ƙamus ya gagara. Abin dariyar ma, in akwai inda kalmar ta dace a wannan magana to a jikin gwangwanin ne, ba a cikinsa ba. Bafaranshe Nicolas Appert ya wallafa dabarar adana abinci a kwalba a 1810, a shekarar kuma Peter Durand ya yi wa gwangwani rajista a Ingila, kuma gwangwanayen farko da hannu ake liƙe su da dalma. Wannan shi ne sinadari na gaskiya.

Tambaya: Daga Maraɗi: ƙashin kifi ko ƙayar kifi?

Amsa: Ƙaya. Ta sadin ta yi laushi saboda dahuwar da ake yi masa bayan an rufe gwangwanin. Ka cinye ta, a nan kalsiyam ɗin yake, mai ƙarfafa ƙashi.

Tambaya: Wani ɗalibi a Sakkwato ya ce sun yi gardama: "kifi na ganinka mai jar koma" ne ko "mai jan koma"?

Amsa: Ni "jar koma" na tashi na ji a bakin manya, kuma a kai nake. Koma ita ce ragar da ake shiga ruwa da ita, irin wadda kuke gani a hannun masunta a Argungu. Kalmar mace ce, don haka launinta sai a ce jar koma, kamar jar hula. Masu cewa "jan koma" suna nufin mai janyo ta, nahawunsu bai karye ba, amma sun zubar da gishirin maganar. Kowane masunci yana jan koma. Wanda ake yi wa ba'a shi ne wanda ya zo farauta da abin da ake hangowa tun daga nesa, yana zaton ya ɓoye. Ana faɗa wa mai shirya makirci alhali an riga an gano shi.

Tambaya: Ko mai hawan jini zai iya cin sadin?

Amsa: Akwai gishiri a ciki ba kaɗan ba. Wannan tambayar likita ce, ni malamin harshe ne.

Tambaya: Jam'in gwangwani?

Amsa: Gwangwanaye. Na riga na faɗa a sama, ba ka karanta ba ne.